Hoto Na Bakwai

"Ɗaga shi sama, ki ba shi haske," in ji Baba Riƙe. "Me kika gani?"

Na manna hoton ƙirjin a gilashin tagar falonsa, na ce karaya ce a haƙarƙari biyu na dama. Ya buga sandarsa a ƙasa don murna, ya miƙo na biyu.

Maƙwabcinmu ne, katanga ce kawai ta raba mu. Shekara talatin da biyu ya yi yana ɗaukar hoton eksire a asibiti, kullum yana ce wa marasa lafiya "ja numfashi, riƙe", har sunan ya biyo shi gida. Ni kuma saura mako uku in zauna jarrabawar ƙarshe ta wannan aikin, kalmomin littafi sun cushe min kai. Shi ya warware min su. Eksire, in ji shi, inuwar ƙashi ce. Sikanin mai ciki sauti ne ke shiga ya dawo da labari. Siti-sikan kuwa yanka mutum yake kamar burodi, ba wuƙa ba jini. In na manta ya ce kaina kwando ne, ana zuba ruwa yana tsiyaya.

Yanar ido ta cinye masa gani, sai haske kawai yake rarrabewa. Amma tsofaffin hotunan da ke akwatinsa kowanne ya yi masa tsaga a gefe da almakashi, yana shafawa ya san ko wanne ne.

Wata biyu ke nan yana tari yana ramewa. Babbar 'yarsa, wadda nake ce wa Yaya, ta kai shi asibiti, aka gwada jini, aka gwada majina, aka ɗauki hoto. Da sakamako ya fito, ita da Inna, matarsa, suka ce masa sanyi ne, ambulan ɗin kuma ya yi ɓatan dabo. Ni ma ban gani ba, kunne kawai Yaya ta ja min: karatu zalla, ban da zancen jikinsa. Shi kuwa ba abin da yake nema a duniya illa ya san abin da ke cikin ƙirjinsa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa Allah ya ƙara sauƙi.

Ranar da yake gwada ni da hotunan nan kuwa kaina ya buɗe. Na biyu tarin fuka ne a saman huhu. Na uku ruwa ya taru, na huɗu zuciya ta yi girma, na biyar lafiya lau, tarko ya ɗana min. Na shida wani kafinta ne da ya haɗiye ƙusa, ga ta tsaye a ciki kamar an aike ta. Baba yana dariya yana tari, ni ina rawar kafaɗa, ina jin ko shugaban makarantarmu aka kawo min sai na kayar da shi.

Na bakwai bai sakar min ba. Ya taso da kansa ya ɗora shi a gilashin, babban yatsansa a kan kusurwar sama. Dokar farko da ya koya min ita ce a karanta sunan mai hoto kafin a dubi komai. Zumuɗi ya mantar da ni.

"Wannan ai a fili yake, Baba. Ƙari ne a huhun hagu, babba, gefensa ba santsi. Ga ƙanana sun watsu a dama."

"Sunan ciwon?"

"Sai an gutsuri tsokar an gwada kafin a tabbatar."

"Wannan amsar takarda ce, 'yar nan. Taki nake so."

"Ciwon daji ne. Ya wuce a yi aiki."

Ya ɗauke yatsan. Sunansa ne a wurin, da kwanan watan da Yaya ta kai shi.

Ashe kwana huɗu ya yi yana laluben gidan duk lokacin da Inna ta tafi kasuwa, har ya samo shi a bayan kabad. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina jin kamar ni na sa masa ciwon da bakina. Shi kuwa numfashi ya sauke, irin na wanda ya ajiye kaya.

"Bakwai cikin bakwai," ya ce. "Amma na cire maki ɗaya, ba ki duba suna ba."

Sai ya ƙwala wa Inna kira. Ta fito daga kicin tana goge hannu, ta ga hoton, ta tsaya cak.

"Zo ki zauna, ki huta da ɓuya kina kuka," ya ce mata. "Makaho ne ni, ba kurma ba."

Yaya ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Amma gidan da ya yi wata biyu ana magana ƙasa-ƙasa sai ya koma kamar tasha. Baba ya sa aka kirawo tsofaffin abokan aikinsa, suka cika falo suna musu kan wanda ya fi ɓata fim ɗin eksire a zamaninsu. Ya nemi gafarar wanda zai nema, har da maƙwabcin da suka shekara suna rigima kan kwata. Ya raba rigunansa yana tsokanar masu karɓa da cewa tumbinsu ba zai shiga ba. Ni kuma bai ɗaga min ƙafa ba ko kwana ɗaya, yana kwance yana jefo tambaya tsakanin tari da tari.

Ranar jarrabawa na fito daga zauren na san na ci, ko tantama babu. Tun daga bakin titi nake gudu, na faɗa gidansu ba ko sallama, amsoshin duk suna bakina.

Ɗakin shiru. Yana kwance ta gefen dama, an ja masa mayafi zuwa kafaɗa, Inna na zaune a bakin gado da mafici. Na dubi ƙirjinsa na daɗe, ba ya motsi. Na buɗe baki ina neman yadda zan faɗa mata, sai ta ɗago ta gyaɗa min kai. Ta riga ta sani.

Ta matsa min wuri a gefenta, ta ci gaba da yi masa fifita.