Sai An Kawo Janareta

"Ku ɗauke wayar wutar nan daga ƙofar mutane," in ji mai ɗinki, tana ture ta da ƙafa.

Shugaban mawaƙa ko kallo ba ta ishe shi ba. Yana tsugune a tsakar gida yana haɗa fiyano da lasifika, mawaƙansa sun jeru jikin bango cikin fararen riguna kamar masu jiran hoto. A ɗakin da ke bayansu Baba Murya ne kwance, numfashi na fita da ƙyar.

Tun kafin a haifi rabin waɗannan yaran shi ke ɗaga waƙa a coci. Sai ya yi gyaran murya, ya ja baitin farko, jama'a su cafe. Da aka sayo fiyano, shugaban nan ya ce muryar tsoho tana kashe wa mutane jiki, yabo kuma sai da zafinsa. Aka mai da Baba bencin baya. Mai ɗinki kuwa, wadda bango ɗaya ya raba ɗakinta da nasa, ta ƙullaci shugaban. Ta tsane shi har da takalminsa mai tsini.

Da safiyar nan tsohon ya roƙe ta abu ɗaya: yana so ya ji waƙar godiyar da yakan buɗe sujada da ita, daga bakin mutane da yawa, kafin ya tafi. Ta haɗiye fushinta ta je ta kira mawaƙan. Sai da rana ta karkata suka iso, suna gama jona kayansu kuwa aka ɗauke wuta.

Shugaba ya tura mutum biyu su ɗauko janareta. Mai ɗinki ta ce su rera haka nan, bakinsu ai ba da wuta yake aiki ba. Ya ce in babu fiyano kowa zai kama muryarsa daban, su kuma ba sa kai wa Ubangiji aikin jeka-na-yi-ka.

"Ubangiji ba kurma ba ne," ta ce. "Kunnen da ke ɗakin nan ne ba zai jira ku ba."

"Mama, ke dai ki tsaya kan kekenki. Wannan aikinmu ne."

Wata budurwa ta buɗe baki za ta fara, ya galla mata harara, ta sunkuyar da kai.

Mai ɗinki ta shiga ɗakin zuciyarta na tafasa. Matar tsohon tana zaune bakin gado tana yi masa fifita.

"Sun zo?" ya tambaya.

"Sun zo, Baba," in ji mai ɗinki.

"To me suke jira?"

Kunya ta hana ta faɗa. Shi kuwa ya ɗauka wanda zai ɗaga musu suka rasa, sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage ya ja baitin farko, siririyar murya wadda ko labule ba ta wuce ba. A waje ana ta gardamar inda za a ajiye janareta. Matan biyu suka dubi juna suka ɗauka, mai ɗinki da muryarta mai kaushi, matarsa cikin kuka. Ya ɗan jira sauran su shigo, idonsa na kan ƙofa. Ba su kai ƙarshen baiti na biyu ba numfashinsa ya ɗauke, matar ta ajiye maficin.

A lokacin ne janareta ta tashi. Lasifika ta yi ƙara, fiyano ya saki kiɗa mai sauri, tafi ya kaure.

Mai ɗinki ta fito ta tsaya bakin ƙofa, hannuwanta a sake. Shugaba ya yi mata murmushin wanda ya ci nasara, ta zuba masa ido har murmushin ya bushe. Budurwar nan ce ta fara daina tafi, sai ta kusa da ita, sai sauran. Shugaba ya janye hannunsa daga fiyano, amma kiɗan gangar da ke cikin fiyanon ya ci gaba da bugawa shi kaɗai a tsakar gida.