Batirin Cikin Kaset

Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in ina gyaran na'urar gem ta wasan bidiyo a kasuwa, gobara biyu ba ta kore ni ba.

Ran nan wata ma'aikaciyar asibiti ta kawo tsohon kaset ɗin gem na marigayi yayanta. Sunansa da inda ya tsaya a wasan suna ajiye a ciki. Wani batir kamar maɓallin riga ke riƙe da su, ga shi ya kusa mutuwa.

Ta ce, "Baba, masu digiri sun ce ana cire shi komai zai goge."

Na ce, "Gaskiyarsu, 'yata. Wa ya ce da cirewa zan fara?"

Na liƙa wani batir a gefe da waya biyu don kada wuta ta yanke, sannan na ɓamɓare tsohon.

"Baba, hannunka na rawa!"

"Haka yake yi in ya ga aiki. Matsa, kin tare min haske."

Na sa sabo, na soka kaset a na'ura, na kunna. Sunan ya fito raɗau. Ta janye kujerata ta zauna bugawa, har na sallami mutum uku a tsaye.