Yaƙin Salihu a Bakin Musbahu

Ba aikin dako ne ke cin Salihu a rai ba, ko da yake ya haura hamsin da biyar kuma buhun siminti bai san tsoho ba. Musbahu ne ke cinsa. Su biyun aiki ɗaya suke yi a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda, ƙarƙashin Abdulghani, wani haifaffen Jidda mai shugabantar 'yan dako goma sha shida. Tare suka zo aikin Hajji, tare suka ƙi komawa, suka yi shekara uku ɗaki ɗaya a bayan tsohuwar ƙofar garin, Bab Makka. A ɗakin nan ne Salihu ya yi suɓul da baka, ya ba Musbahu labarin jirginsa.

Labarin kuwa gaskiya ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Salihu yana saurayi ya bi jirgin kaya daga Ikko zuwa Ingila, can aka ɗauke shi aikin shafa wa inji giris a wani jirgin dakon alkama. Turawa sun aske duk abin da ke saman jirgin, suka shimfiɗa masa rufin ƙarfe daga kai har gindi, don ƙananan jiragen sama su riƙa tashi da sauka a kai. Ciki alkama, sama jiragen yaƙi, haka yake raka ayarin jiragen kaya yana kare su daga jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa. Shekara biyu Salihu ya yi a cikinsa, amma can ƙasa wajen inji. Abin da ya sani na saukar jirgin sama ƙara ce kawai: dim a bisa kai, sai kukan igiyar ƙarfe da ke cafke jirgin ta tsayar da shi.

To, Salihu bai iya labari ba. In ya fara, kafin ya kai Ingila hamma ta kama ka. Musbahu kuwa, wanda bai san wani ruwa da ya wuce kududdufin garinsu ba sai da ya ga Bahar Maliya, Allah ya yi masa baki. Ya ɗauki labarin ya zuba masa gishiri da yaji, ya cusa kansa ciki. In an zauna cin abinci a inuwar sito sai ya miƙe, ya ware hannuwa, wai ga yadda yake yi wa matuƙi alama ya sauko. Samari suka laƙaba masa Kyaftin. Abdulghani ya cire shi daga ɗaukar buhu, ya tsayar da shi bakin ramin kayan jirgi yana yi wa mai injin ɗaga kaya alama da hannu, wai tunda ya saba.

Kai, wannan abu ya ƙona Salihu! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk sanda aka ce "Kyaftin" sai ya ture kwanonsa gefe. Sau ɗaya ya yi ta maza ya ce, "Ni ne fa na yi jirgin nan." Jabiru, wani mai tsokana a cikin samarin, ya ce to a ba su su sha. Salihu ya fara bayanin yadda ake bin inji da giris kowace awa. Bai kai ko'ina ba Jabiru ya dafa shi ya ce, "Kawu, bar wa mai abu abinsa."

A shekarar 1976 tashar ta cushe, jirage suna wata da watanni a teku suna jiran layi. Wata safiya aka shigo da wani tsohon jirgi mai tsatsa ɗauke da siminti. Tun yana matsowa Salihu ya tsaya cak. Injin yana bugawa da wani ɗan ɗingishi, bugu uku daidai, na huɗu ya makara. Ya san ɗingishin nan kamar yadda ya san tarin kansa. Da suka hau, ya bi gefen jirgin yana shafawa, sai ga tabon walda a jere, inda aka yanke ginshiƙan rufin nan bayan yaƙi aka mai da shi jirgin kaya. Shi ne, wallahi shi ne! Kuma a faɗi gaskiya, ba murnar ganin tsohon gida ce ta fara zuwa masa ba. Abin da ya fara zuwa shi ne, yau Musbahu zai ci ƙasa.

Ya daure har lokacin abinci, sannan ya ɗaga murya. "Kyaftin, ga jirginka can ya zo gaishe ka. Tashi ka zagaya da mu."

Musbahu ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya matso kusa, ya riƙo hannun Salihu, ya ce a hankali, "Salihu, rufa mini asiri. Daga gobe zan ce tare muka yi, kai a ƙasa ni a sama."

Da Salihu ya karɓa, da ya sami rabi. Amma mai hassada ba ya son rabi. Ya ture hannun Musbahu, ya yi gaba, jama'a suka bi shi har Abdulghani.

A saman jirgin ya ce, "Nuna mana inda kake tsayawa. Ina ake ajiye jiragen saman? Ina matakalar ɗakin inji?" Musbahu ya duba gabas ya duba yamma, gumi na bin wuyansa. Can ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban taɓa hawansa ba. Labarin Salihu ne na ara."

Salihu ya ji wani sanyin daɗi ya ratsa shi. Ya gyara tsayuwa yana jiran idanu su juyo kansa. Suka juyo kuwa, amma sai da suka gama kallon jirgin: turakun ɗaga kaya tsaitsaye, bakunan ramuka, gini a tsakiya, tsatsa da ƙurar siminti ko'ina.

"A nan jirgin sama zai sauka?" in ji Jabiru. "Ko shirwa sai ta yi dabara."

Salihu ya ruga ya nuna musu tabon walda. Ya ce su saurari injin in an tayar. Ya tare wani ma'aikacin jirgin, mutumin ya ɗaga kafaɗa, shekararsa ɗaya a ciki, bai san komai ba.

Abdulghani ya kira shi kawu da Larabci, ya ce, "Ya ammi, wane tsohon jirgi ne ba shi da tabo? Ashe maƙaryata biyu gare ni, ɗaya ya ƙirƙira, ɗaya ya yi talla. Halas, magana ta ƙare. Yalla, maza ku biyun ku sauka rami."

Jabiru aka ba tsayuwar alama. Salihu da Musbahu suka sauka cikin ramin da a da alkama ke cika shi, suna ɗora buhuna a raga. Sai wajen la'asar Musbahu ya goge siminti daga idonsa ya dube shi.

"Duk Jidda ni kaɗai na yarda da kai, Salihu," ya ce. "Ga shi yanzu ba mai yarda da ni."