Shatin Hannu a Jikin Mota

Rabin Jinaidu na cikin mota, rabinsa na waje: kai a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a kan hanya, jar waya cije a bakinsa.

"Raliya, ƙarfen ya yi ja?"

"Ya yi," in ji matarsa daga bakin zaure. "Tukunyata ce dai ko ɗumi ba ta yi ba, tunda ka ƙwace mini kurfoti."

Tun safe babu wuta, shi ya sa ya tura bakin wani tsohon sukundireba cikin garwashi, da shi yake narka dalma yana liƙe wayoyi. Ya karɓa da tsumma, ya ɗora a kan mahaɗar, ya kara dalma. Ɗigo ɗaya ya kuɓuce ya sauka a bayan hannunsa. Ya yi tsaki, ya lashe wurin, ya ci gaba.

Motar nan ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Da ita yake jigilar 'yan hatsi zuwa Salka da Kaboji, ya dawo bayan isha ta yi buɗu-buɗu da jar ƙura. To, a kan ƙurar nan ne ya fara ganin abin da ya hana shi sukuni. Kullum da safe sai ya tarar da shatin hannu, na babban mutum, tun daga kan bonet, ya bi ƙofofi, ya shafi mariƙi, har zuwa but. Ya goge, gobe ya dawo. Ga shi ba a daɗe da ɗauke babur ɗin maƙwabcinsa Jumare a ƙofar gida ba. Jinaidu ya tabbata wani ne ke lallaɓa ƙofofin yana jiran ranar da zai manta bai kulle ba.

Sai ya sayo alam, irin mai ihu da an taɓa mota. Raliya ta ce ya kai wa mai gyaran wutar mota, ya ce Allah ya kiyaye. Wanda ya haɗa ai ya san inda ake yankewa.

Haka ya wuni. Jar waya zuwa batir, baƙa a jikin ƙarfe, wasu zuwa fitilun sigina, jiniya a ɗaure ƙarƙashin bonet. Takardar bayanin da ta zo da alam ɗin ba ta da amfani sai hoto, hoton kuma bai yi kama da cikin motarsa ba. Ya haɗa, fis ya ƙone. Ya kwance, ya sake. Ko a sallar azahar, Allah na gani, rabin hankalinsa na kan wata shuɗiyar waya da ya rasa gidanta.

Bayan la'asar mahaifinsa, Malam Muhyiddin, limamin masallacin unguwa, ya dawo a hankali ya tsaya a kansa.

"Yau ba ka fita ba?"

"Ɗan gyara ne, Baba." Bai so ya ɗaga wa tsoho hankali da zancen ɓarayi.

"Ba dai sauya mata wurin ajiya za ka yi ba?"

"A'a, tana nan."

"To, madalla."

Amma ya gaya wa Jumare komai, har ya ce masa da ya ji jiniya ya fito da abin hannu. Jumare ya ce ai ko wanka yake yi zai fito.

Rana na gab da faɗuwa ya naɗe mahaɗa ta ƙarshe da salatef. Akwai wani ɗan maɓalli na saita ƙarfin ji, ya murɗa shi har ƙarshe, yadda ko kaza ta gogi taya sai ta tona kanta. Ya danna rimot, mota ta yi ƙara ɗaya, fitilu suka ƙifta. Daɗi ya kama shi, ya shiga gida alwala yana wa Raliya kallon ba-na-gaya-miki-ba.

Yana wanke ƙafar hagu jiniya ta ɓarke.

Ya ture buta, ya zari taɓarya. Kafin ya kai zaure ya ji muryar Jumare tana "Ɓarawo!", ga ƙafafu na tahowa ta kowane lungu. Ya faɗo waje da taɓarya a sama.

Malam Muhyiddin ne. Ya manna baya da ƙofar mota, carbi a ƙasa, takalmi ɗaya a cikin kwata, fitilu na ƙifta masa a jikin farar riga. Jinaidu na tsaye a gabansa, tazarar hannu, amma tsohon can gefe yake kallo.

"Wane ne nan? Jinaidu? A kira mini Jinaidu."

Taɓarya ta sulale daga hannunsa. Ya laluba aljihu, rimot na can wurin alwala. Ya ɗaga bonet, ya kama wayar jiniya, wadda ya ci ƙuna kafin ta liƙu, ya fizge ta. Unguwa ta yi tsit.

"Ku yi haƙuri," ya ce wa jama'a. "Alam ne nake gwadawa, ya tashi da kansa, ya firgita Malam."

Aka yi 'yar dariya, aka nufi masallaci. Jumare ya ɓoye gorarsa a baya, ya bi su.

Jinaidu ya durƙusa ya ciro takalmin, ya goge da rigarsa, ya sa wa mahaifinsa. Tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Tun damina," in ji Malam ƙasa-ƙasa. "Da rana ina ɗan gani. Da ta faɗi, shi ke nan. Da yamma nakan raɓe in bi sawun mutane, amma da asuba ba kowa, sai motar nan. In na bi jikinta, tana ajiye ni daidai kan katakon tsallake kwata."

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa a ce in zauna a ɗaki, wani ya ja salla?"

Kunya da tausayi suka kama Jinaidu. Wata da watanni yana goge sawun hannun ubansa yana tsine wa mai shi.

Ladan ya fara tada iƙama. Jinaidu ya miƙa hannu zai riƙe shi, tsohon ya janye, don akwai sauran idanu a hanya. Sai ya kama tafin nasa a hankali ya ɗora a jikin motar, shi kuma ya bi baya kamar mai duba taya.

"Gobe ba Salka za ni ba," ya ce. "Asibitin ido za mu."

Malam ya ci gaba da tafiya. Hannunsa ya bi ƙofa, ya wuce mariƙi, ya kai but, ƙafarsa ta sami katako.

Da aka idar da salla Raliya ta leƙo da sauran dalma a hannu.

"In mayar da ƙarfen wuta? Ka ga wayar a tsinke."

"Ɗora tukunyarki," ya ce.

Ya tsinto duwatsu, ya jera su a gindin kowace taya, don gobe in sun dawo ya ajiye ta daidai inda take.