Dutsen Niƙan Uwar Nomau

Buhun siminti ne ya kayar da Maɗugu a gaban shingen kwastan na Jibiya, da hantsi, mutane suna kallo. Ko ƙara bai yi ba. Ya durƙusa tukuna, buhun ya zame ta bayansa ya fashe, sannan ya kife a cikin garin simintin. ’Yan dako ’yan uwansa suka kinkimo shi zuwa gidan hayar da ke bayan tasha, suka shimfiɗe shi a ɗakinsa, suka koma a guje. Shekarun nan ne kuɗin fetur ya buɗe, motoci suna tsallaka iyaka ba hutawa, wanda duk ya tsaya jinya lodi ya wuce shi.

Sai jinyar ta faɗa wuyan Lidiya mai tuwo, wadda ɗakinta ke jikin nasa. Ba ta roƙa ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da tukwane, kuma tsakaninta da tsohon babu komai sai tsiyar maƙwabtaka. Tun lokacin da rashin ruwan sama ya koro shi daga Maraɗi, shi ke kai mata masara inji, ita kuma ta zuba masa tuwo har da ƙanzo. Yana ce mata uwar ɗakina, tana ce masa Tsoho.

“Tsoho, sai da na ce maka siminti ba sa’anka ba ne.”

“Uwar ɗakina, siminti ba shi da laihi,” in ji shi, yana numfashi da ƙyar. “Lokaci ne.”

Malamin asibiti ya zo ya yi masa allura, ya ja Lidiya gefe ya ce ƙirjin ya riga ya gama, a dai lallaɓa shi. Ta ji haushin maganar, ta kuma ji tausayin da ba ta shirya masa ba.

Da jikin ya ƙara nauyi, ranar nan da safe ya kira ta. Ya laluba ƙarƙashin tsumman da yake matashi da su, ya jawo wani dutse. Ɗan dutsen niƙa ne, irin wanda mace ke riƙewa da hannu biyu tana murzawa a kan babban, ja ne, da farin zare ya ratsa tsakiyarsa, ya yi sumul don tsufa.

Lidiya ta san labarin dutsen, kowa a tasha ya sani, har an mai da shi abin ba’a. Maɗugu ya ce shi ba haifaffen Maraɗi ba ne. A wani gidan Maguzawa na ƙasar Bugaje aka haife shi, sunansa na yanka Tunau. A babbar yunwar nan ta zamanin kakanni uwarsa ta mutu, aka binne ta a bayan gida, aka kife dutsen niƙanta a kan kabarin, kamar yadda gidansu ke yi wa mace. Shi kuma yana ɗan ƙarami ya ɗauke ɗan dutsen ya ƙi saki. Ba a daɗe ba ubansa ya ba da shi ga wani maɗugun fatake a bakin hatsi. Aka tafi da shi arewa, ya musulunta a can, ana ce masa yaron maɗugu har sunan ya bi shi. Sunan ubansa ya ɓace masa. Abin da ya riƙe kawai shi ne mata suna kiran uwarsa uwar Nomau.

“Na tahi wajen dagaci,” ya ce. “Malaminsa ya hiddo takardun haraji na da, gara ta cinye rabi, sauran kuma masu gida kaɗai anka rubuta. Na bi kuhwai na bi, ƙahwata ta gaza. Ke ’yar can ce. Ku da kuka shiga coci kuna da littahin sunaye.”

“Tsoho, Nomau nawa ne a ƙasar nan? Kowane gida da nasa.”

“Ki gwada dutsen. Da shi da babban da ke kan kushewar daga dutse guda anka sassaƙo su, zaren ga hwari shina jikinta. In kin gane wurin, Usman direba ya yi mini alkawari. A yi mini salla nan, shi kai ni can da motarsa, a aje ni wajen ƙahwahun uwata. Ba ni son komi sai wannan.”

Lidiya ta buɗe baki za ta kawo zancen tuwo da yara, sai ta ga ya riga ya miƙo mata dutsen. Ta karɓa ta ƙulle a gefen zanenta.

Washegari da sassafe ta bar tukwane a hannun wata maƙwabciya, ta tsaya a tasha ta gaya wa Usman inda za ta. Ya ce Allah ya sa a dace, amma ta hanzarta, don bazara ce, kuma shi bai ga alamar tsohon zai kai nisa ba. Ta hau motar itace, ta sauka a bakin sabuwar hanyar da ake shimfiɗawa, ta ƙarasa ƙauyensu da ƙafa.

Tun daga nesa ta hango rufin cocin yana walƙiya. Rabonta da gida cocin yana da jinkar ciyawa, yanzu ga kwano sabo fil. Shawulu, dattijon cocin, ya tarbe ta da murna, ya ɗauko littafin baftisma daga cikin akwatin ƙarfe, ya goge hannu a riga kafin ya buɗe. Suka bi shi shafi shafi. Ga Dauda, ga Dorkas, ga Bitrus, ga ubanta marigayi Isiyaku a cikin na farko farko. Babu Nomau ko ɗaya.

“Ai ba za ki same shi ba, ɗiyata,” in ji Shawulu. “Ranar da mutum ya shiga ruwa, sunansa na da ya zauna can. Sabon muke rubutawa. Wasu ma sun hana a ƙara kiran tsohon a gidajensu.”

“To littahin mi ya riƙe ke nan, Baba?”

Ya rufe littafin, ya ce su je wajen Sarai, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga yunwar.

Suka tarar da Sarai a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idanun sun tafi. Lidiya ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta kwance dutsen ta sa mata a cinya. Tsohuwar ta shafa shi, ta juya shi.

“Wa kika ce ya ba ki?”

“Wani tsoho ne maƙwabcina, Kaka. Ya ce sunansa Tunau.”

“Tunau shina da rai?” Gyaɗar ta zube daga zanenta. “Tunau na Tabawa? Ina tsaye anka ɗora shi kan jaki, shina kuka da dutsen ga a ƙirji. Zaki ’ya’ya biyu gare shi. Ya riƙe babban don ya isa riƙon hauya, ya ba da ƙaramin.”

Da jin sunan Zaki Lidiya ta ɗago kai da sauri, don sunan kakanta ke nan.

“Babban fa, Kaka? Nomau?”

“Ke wace irin yarinya ce? Nomau ai ubanki ne. Shi anka mai da Isiyaku.”

Lidiya ta zauna daɓas a ƙasa. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin an kira ubanta da wani suna ba bayan Isiyaku, kuma har ya koma ga Ubangiji bai taɓa cewa yana da ƙane ba. Ta tuna yadda take daka wa tsohon tsawa in ya makara da garin masara. Ta tuna ƙanzon. Kunya ta kama ta har ta kasa ɗaga kai.

“Ina kushewar Tabawa?” ta tambaya.

“Tsohon gida, gabas da rahi. Dutsenta na kihe a kai, ja ne, ba shi ɓacewa.”

Shawulu ya yi gyaran murya. Ya bi ta a baya har suka fita gari, yana tafiya kamar wanda ake ja.

Babu tsohon gida. Inda kufan yake a da, wani ƙaton rami ne ja wur, katafila ta kwashe ƙasar an yi cikon hanya da ita. Babu itatuwan, babu tudun kaburburan, sai sawun taya. Lidiya ta tsaya a bakin ramin rana tana dukanta, ta duba gabas ta duba yamma, ta rasa ko ta ina za ta fara.

“Ɗan kwangila ne ya zo neman duwatsun kwalbati,” Shawulu ya ce a hankali. “Muka ce a tara a sai da mishi, a yi wa coci ruhi da kuɗin. Matasa sunka bi kuhwai suna kwasa. Ban ce a taɓa na kushewa ba. Amma na gani, ban hana ba. Da duwatsun sunka tashi, mai katahila bai san akwai mutane a ƙasa ba.”

“Kakata tana cikin hanya ke nan.”

“Allah shi gahwarta muna, ɗiyata.”

Ta bar shi a tsaye, ta bi gefen hanyar har inda ta haye rafi. Rafin a bushe yake, sai yashi. Ta sunkuya ta shiga ƙarƙashin kwalbatin. Da idonta ya saba da inuwar sai ta gan su, duwatsun niƙa jere a cikin bango, an kama su da siminti, wasu sun juya baya, wasu sun fuskanto ta da kwarminsu. Ta bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasa, dab da yashi, ta ga ja mai farin zare. Ta kwance ɗan dutsen ta ɗora a kwarmin, ya zauna daram, zaren ya haɗu da zare. Nan ta fashe da kuka, ita kaɗai, motocin yashi suna wucewa a kanta.

A hanyar komawa ta yi ta shirya abin da za ta faɗa masa. Kabarin dai ya tafi, wannan ba ta da yadda za ta ɓoye. Amma za ta ce masa sunan uwarsa Tabawa, sunan ubansa Zaki, kuma shekarun nan duka ’yar yayansa ce ke zuba masa tuwo. Za ta kira yaran su durƙusa su gaishe shi. Motar da ta samu kuwa ta yi faci a hanya, ba ta shiga Jibiya ba sai bayan la’asar.

Ƙofar ɗakinsa a buɗe take. An share ɗakin, an naɗe tabarmar an jingine, ƙasa da sauran danshin ruwan wanka. Usman yana zaune a kan benci a tsakar gida, da jar ƙasa a ƙafar wandonsa. Ya miƙe da ya gan ta.

“Sai haƙuri, Lidiya. Da hantsi ya cika. Mun jira ki har azahar ta wuce, kin ga zahin da ake yi, gawa ba ta jira. Mun kai shi maƙabartar gari.”

“Ya ce wani abu?”

“Ya tambaya ko kin dawo. Muka ce kina hanya.”

“Wa ya tsaya mishi?”

“Mu ’yan tasha. Liman ya ce ina danginsa, na ce ba shi da kowa.”

Ta dube shi, idonta jawur. Ba laifinsa ba ne, ta sani, ita ma da safe abin da za ta faɗa ke nan.

“Shina da kowa,” ta ce. “Sunansa Tunau ɗan Zaki. Ƙanen ubana ne.”

Usman ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce in tana so zai nuna mata kabarin daga bakin katanga, yana layin baƙi, kusa da na wani yaron mota da ba a san garinsu ba. Ta ce ta gode. Ta shiga ɗakin tsohon ta zauna a ƙasa, dutsen yana cinyarta, har aka kira magariba.

Ba ta ɗora tukunya ba sai ranar sadakar uku. Ita ta tuƙa tuwon sadakar, ta zauna a ƙofar ɗakin tana karɓar gaisuwa, ’yan dako suna zuwa suna durƙusawa a gabanta suna mamaki.

Ranar Lahadi, maimakon coci, ta sake hawa mota zuwa rafin. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska tana kaɗa yashi. Ta shiga ƙarƙashin kwalbatin ta durƙusa a gaban jan dutsen, ta tona rami da hannu a gindinsa, ta yi ta tonawa har gwiwar hannunta ta shige, don kada ruwan farko ya tafi da shi. Ta sa ɗan dutsen a ciki, ta mai da yashin, ta daddanna da tafin hannu. Wata babbar mota ta bi ta sama da lodin siminti za ta iyaka, bangon ya yi rawa, ƙura ta zubo a kwarmin dutsen. Lidiya ta kama bakin zanenta ta goge shi.