Shunin da Baffa Karama Ya Roƙa

"Ba wani abu mai yawa ba ne," in ji Baffa Karama. "Fuska da ƙirji da hannuwa. Ƙafa bar ta, wa zai tsaya duba ƙafar tsoho?"

Salmin na tsugune a bakin tabarma, riƙe da kwanon romon kifin da matarsa Barka ta ba shi ya kawo. Ya dubi 'yar tukunyar da ke gefen matashin tsohon. Shuni ne a ciki, an kwaɓa da man riɗi, irin wanda mutanen dutse ke shafawa har jikinsu ya yi baƙi yana ƙyalli.

"Baffa, sha romon tukuna."

"Kai ɗan kifi, shekara arba'in da ɗaya ina shan romonku. Shi ya mai da ni haka."

Yana ɗan shekara sha bakwai aka kawo Karama birnin Mukalla na bakin teku. Ƙabilarsu ta tare hanyar ayari, aka yi faɗa, aka yi sulhu, sarki ya ce sai an ajiye masa ɗan shugabansu jingina, in sun sake tare hanya kan yaron zai biya. Da farko a ganuwa aka tsare shi. Daga baya aka bar shi ya zauna cikin gari, da sharaɗin kada ƙafarsa ta wuce ƙofar birni. Ya yi dako a bakin teku, ya koyi gyaran taru. Shunin kuwa tun shekarar farko ya daina, don yara na bin sa da waƙa. Ɗakinsa da na Salmin bango ɗaya ya raba su, bangon farar ƙasa. In ya buga sau uku, ko gahawa ta nuna, ko yana son ruwa. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bugun neman ruwan ya fi yawa.

Yanzu Baturen da ke ba sarki shawara ya tara shugabannin ƙabilu su sa hannu a takardar zaman lafiya, aka ce jingina ta ƙare. Washegari za a yi taron, cikin masu zuwa har da Yislam, ƙanen Karama.

"Yana shekara tara na baro shi," in ji tsohon. "Ya shigo ya tarar da wani ɗan birni fari fat kamar cikin kifi, me zai je ya ce wa mutanen gida?"

Salmin ya dubi hannuwansa. Shi ke zuba shayi a gidan Bature, kullum da safe babban boyi sai ya juya musu tafi ya duba farce. Shuni kuwa in ya kama fata, sai ya yi mako bai fita ba.

"Gobe da an tashi taro zan rugo in shafa maka kafin su iso. Wallahi, Baffa."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa, sannan ya yi 'yar dariya da rabin bakinsa. "To, mai farin hannu. Miƙo romon."

Da hantsi Salmin ya gama sa farar rigarsa, yana gyara ɗamara, sai bango ya yi ƙara sau uku, a hankali.

"Baffa na kira," in ji Barka daga wajen murhu.

"Na ji."

"Leƙa mana, ko ruwa ne."

"Na san abin da yake so. Ki kai masa ruwan in kin sauke tukunya."

Aka sake bugawa. Salmin ya ɗauki takalmansa a hannu, ya wuce ƙofar tsohon a kan yatsun ƙafa, bai saka su ba sai da ya kai lungu.

Mutanen dutse sun cika farfajiyar gidan Bature, an karɓe bindigoginsu tun daga ƙofar birni, sai suka rasa yadda za su yi da hannuwansu. Duk ƙoƙon da suka taɓa sai ya dawo da shatin yatsu na shuni, babban boyi na ta tsaki a bayan labule. Salmin ya zuba wa wani mai furfura, mutumin ya riƙe masa hannun riga.

"Kai ɗan gari, ka san wani Karama bin Awad?"

Yislam ne, kunnuwansa irin na Baffa, har yadda ya karkata kai. Salmin ya ce, "Maƙwabcina ne. Yana jiran ka."

"Yana da iyali?"

"Yana da mu."

An yi jawabi, an dangwala yatsu a takarda, an ci shinkafa da rago. Ba a tashi ba sai la'asar, Yislam kuma bai bar Salmin ya riga shi ba, tare suka taho. A bakin ƙofa suka tarar da Barka zaune, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce ta kai ruwan da azahar.

A jingine da bango suka sami Baffa, ya riga ya cika, tukunyar ta kife a cinyarsa. Da hannun hagu ya yi ta fama. Kumatu ɗaya ya yi baƙi har kunne, da ɗan goshi, da wani zane da ya gangaro wuya ya tsaya. Ɗaya ɓangaren na nan fari.

Yislam ya durƙusa, ya yi salati. Bai yi kuka ba. Ya jima yana duban fuskar.

"Wa ya shafa masa haka, rabi?"

"Shi da kansa," in ji Salmin.

"Na ɗauka ka ce yana da ku."

Yislam bai ƙara duban Salmin ba. Ya lakato abin da ya rage a gindin tukunyar, ya ƙarasa ɗaya kumatun a hankali, ko da yake ya san yanzun nan za a wanke.

A wajen birni Yislam ya ce za a binne shi, gindin hanyar da ke hawa dutse. Mai gadin ƙofa ya fara cewa ba a ba shi umarni ba, sai ya dubi makarar, ya matsa gefe. Salmin ya kama ƙafa ɗaya ta makarar tun daga gida bai ba kowa ba.

Kwana uku bayan nan mai gidan hayar ya aiko a kwashe kayan ɗakin, za a shafa sabuwar farar ƙasa. Kayan ba su cika kwando ba: allurar taru, butar gahawa, ƙoƙo biyu. Da Salmin ya naɗe tabarmar sai ya ga bangon. Shatin tafin hannu ne na shuni can ƙasa-ƙasa, daidai inda mai kwance zai iya kaiwa, wani kan wani. Ya ƙirga har bakwai, na ƙarshen yatsu uku ne kawai.

Ya tsuguna, ya ɗora tafinsa a kan mafi girma, ya danna sosai. Ta bayan bangon yana jin Barka na daka citta. Ya ɗago hannun ya duba. Fari tas, shunin ya riga ya bushe.