Ranar da Darcy Ya Goyi Babansa

Yayana Merv Tregear bai iya zama a yi magana ba. In ya ɓata maka rai ba zai ce ka yi haƙuri ba, sai dai ka tashi da safe ka tarar ya gyara maka shingen da ya karye, ko ya ajiye maka jatan lande cikin bokiti a ƙofar kicin. Duk garinmu Nubeena an san shi da haka. Ɗansa Darcy ne kaɗai ya kasa sabawa.

Jirgin ruwa ne ya raba su. Tun da Darcy ya bar makaranta yake fita teku tare da uban, suna zuba kwandunan kamun jatan lande a gindin duwatsun kudu, kowa ya ɗauka shi zai gaji jirgin. Kwatsam Merv ya sayar da shi ga wasu mutanen birnin Hobart, bai ko shawarci yaron ba. A bakin gaɓa Darcy ya ji labari, wajen mai sayar musu da mai. Bai yi faɗa ba. Ya haɗa kayansa ya tafi can yamma wajen haƙar ƙarfe, ya yi aure a birnin Perth, ya zauna. Daga nan sai waya ranar Kirsimeti, ita ma yawanci matarsa Leanne ce take magana.

Ni na ƙarasa renon Darcy bayan uwarsa ta rasu, don haka abin ya daɗe yana ci mini rai. Da Leanne ta matsa masa ya zo ya yi 'yan kwanaki a wani Fabrairu, na yi murna kamar an yi mini kyautar gari. Na gasa ƙafar rago da dankali. Suka zauna suka cinye, ba abin da suka tattauna sai tsadar mai da rashin ruwan sama.

Washegari da sassafe Merv ya fito da tsofaffin takalmansa, ya ce za su je Hancin Dutse. Tsohuwar hanyar masunta yake nufi, wadda take bin saman gaɓa, ba sabuwar da hukuma ta gyara wa baƙi ba. Na tuna masa ya haura saba'in, kuma gwiwarsa ta dama ko matakalar gidansa da ƙyar take hawa. Ya ce, "Glenys, ke ce likitana yanzu?" Ya juya wajen ɗansa. "Sai dai in mutanen yamma ne ba za su iya ba. An saba da mota mai sanyi."

Darcy ya ce, "Mu je dai, Baba."

Na san abin da Merv yake nufi da wannan tafiya. A can ya fara nuna wa Darcy teku yana ƙarami, kuma ita ce hanyar da ya iya ta cewa a shirya. Amma barin su su biyu a kan dutse kamar a ɗaure raguna biyu ne a turke ɗaya, sai na zuba shayi a filas, na yanka burodi da sauran naman jiya, na bi su.

Farkon tafiyar da daɗi. Muka ratsa cikin itatuwan turare, ƙasa da laushi, inuwa ta rufe mu. Merv yana gaba yana taku kamar saurayi, ya ƙi karɓar sandar da na miƙa masa, ya ce in ajiye wa tsofaffi. Duk sanda ya ji numfashin Darcy ya yi ƙarfi sai ya ƙara sauri. Da muka fito daga cikin itatuwa sai ƙasa ta ƙare a gabanmu. Dutse ya miƙe tsaye har ƙasa, baƙi ƙirin, can a gindinsa ruwa yana fashewa fari fat, ƙarar ma sai ta ɗan jima take isowa. Muka tsaya. Merv ya nuna wani lungu da haɓa, ya tambayi Darcy ko ya tuna kwandon da suka rasa a wurin. Darcy ya ce ya tuna, shi aka ce ya ɗaura igiyar ba daidai ba. Muka ci gaba.

Daga nan hanya take lalacewa. Sai gangara mai tsakuwa, sai hawa da hannu da ƙafa, ga gajerun ƙayoyi suna kama wando. Kafin a kai Hancin akwai wani wuri da masunta suke kira Bakin Wuƙa. Faɗinsa bai fi a jera ƙafa biyu ba, dutse a hagu, a dama kuma ɗan gangare ne mai ciyawa, bayansa ba komai sai iska. Tun muna nesa na ga teku ya sake launi daga kudu. Na ce mu zauna mu sha shayi mu juya. Darcy ya goyi bayana. Da ma bai yi ba, domin jin haka Merv ya ce shi ya bi wurin nan da buhun kifi a kafaɗa tun ba a haifi wani ba, ya sa kai.

Ya kai tsakiya ke nan iska ta bugo. Ba ta fi ƙarfinsa ba, amma da ya dafe ƙasa da ƙafar dama sai tsakuwa ta gudu, gwiwar ta lanƙwashe. Na ga ya faɗi ta gefe, ya zame a kan ciyawa, ƙafafunsa suka yi wajen teku. Ya cafki wani ɗan tsiro. Hularsa ta tashi ta yi gaba. Ni dai na daskare, ko ihu ban yi ba. Darcy ya kwanta rub da ciki a kan hanyar, ya miƙa hannu ya damƙi bel ɗin uban ta baya, ya riƙa jansa kaɗan kaɗan, yana cewa kada ya motsa, kada ya taimaka, ya bari kawai. Da ya fito da shi suka zauna jingine da dutse, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana haki.

Abin da Merv ya fara faɗa shi ne, "Da ka bar ni ai da na tashi da kaina."

Darcy ya duba gwiwar, ta riga ta fara kumbura. Merv ya yunƙura sau biyu ya koma zaune, fuskarsa ta yi fari. Waya ba ta kamawa a wurin, iskar kuma ƙaruwa take yi. Darcy ya ba ni jakarsa, ya durƙusa ya juya wa uban baya. Merv ya ce shi ba jariri ba ne. Darcy ya ce, "Hau, Baba. Ko ka hau, ko mu kwana nan mu uku, Goggo kuma ba ta zo da bargo ba."

Ya hau.

Ba zan manta da dawowar nan ba. Duk gangarar da muka sauko ta zama hawa. Darcy yana tafiya a sunkuye, hannu ɗaya yana tallafe da uban, ɗayan yana laluben dutse, gumi yana ɗiga daga hancinsa. Inda hanya ta matse sai ya yi rarrafe da shi a baya. Ina biye ina kallon farin gashin yayana yana kaɗawa a ƙeyar ɗansa. Da farko Merv yana ba da umarni, a taka nan, a kauce wa can. Daga baya ya daina, ya kwantar da kai.

Muka yi ta yada zango. A wani zangon, bayan wani dutse da ya kare mu daga iska, na zuba musu shayi. Merv ya riƙe kofin bai sha ba, yana kallon ruwa. Can ya ce, "Darcy, maganar jirgin nan." Darcy ya ajiye burodin da yake ci. Merv ya juya kofin a hannunsa, ya sake juya shi, sannan ya ce, "Injinsa ya riga ya tsufa."

Darcy ya ce, "Na sani, Baba. Ni nake gyara shi."

Shi ke nan. Ya sake durƙusawa, muka kama hanya. Rana ta yi sanyi kafin mu iso inda muka bar mota.

An yi wa Merv aikin gwiwa a Hobart. Hutun Darcy ya ƙare uban yana kwance. Kafin ya tafi ya kafa ƙarfen dafawa a matakalar gidan da kuma banɗaki, ya faskara itacen da zai kai hunturu, suka yi musabaha a bakin gadon asibiti kamar abokan ciniki.

Merv bai sake hawa dutse ba. Amma tun daga ranar da ya fara fita da sanda, ba wanda zai zauna kusa da shi a mashayar garin bai sha labarin ba. Yadda Darcy ya kwanta a Bakin Wuƙa, yadda ya ɗauko shi tun daga can har mota. Kullum nisan ƙaruwa yake yi, iskar ma haka. Na ce masa ya ɗaga waya ya faɗa wa Darcy da bakinsa. Ya ce, "Ai ya sani. Ba shi ya ɗauko ni ba?" Ni na faɗa wa Darcy da kaina, ba sau ɗaya ba, sai ya yi dariya ya ce Goggo ta iya gyara magana.

Bayan 'yan shekaru Merv ya rasu cikin hunturu, a kujerarsa, da rana tsaka. Da aka fito daga coci aka taru a mashaya kamar yadda aka saba. Darcy yana tsaye a gefe da kofi a hannu, sai mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda bai sani ba, kowa yana son ya gaisa da wanda ya goyi Merv. Tsoho Clarrie Burdon, wanda suka yi kamun kifi tare da Merv tun suna samari, ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Ya ce labarin nan sun ji shi har sun haddace. Ya ce kullum a wuri ɗaya Merv yake ƙarewa, sai ya buga tebur ya ce gaɓar nan ba ta taɓa haifar ɗan teku kamar Darcy ba, kuma shi da hannunsa ya raba shi da ita.

Darcy ya ajiye kofin ya fita. Na same shi zaune cikin motata, ruwan sama yana dukan gilashi. Na shiga na zauna.

Can ya ce, "Goggo, ranar da na goyi Baba, ba shi da nauyi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, ba dutsen ba." Ya share fuska da tafin hannu. Ya ce shi ma yana da maganar da ya so faɗa, kuma ba lokacin da ya fi wannan sauƙi, tunda uban yana bayansa ba ya ganin fuskarsa. Ya yi ta jera ta a zuciya tun daga Bakin Wuƙa. Sai ya ce bari su fita daga ƙayoyi tukuna, da suka fita ya ce bari su kai itatuwa, da suka kai ya ce bari su isa mota.

Ban tambaye shi ko wace magana ce ba. Na tayar da mota muka koma gida, domin Leanne da yaransu suna jira, kuma akwai kayan Merv da za a fara kwashewa da safe.